Kwana Biyu a Jami'ar Damagaram

Ni manomi ne a ƙasar Kurni. Zan ba ku labarin tafiyar da na yi tare da surukaina a watan Disamba na 2022, bayan an gama kai hatsi rumbu.

Ƙanwar maiɗakina, wadda muke kira Auta, ta shiga shekara ta biyu a jami'ar Damagaram. Ita ce mace ta farko a danginsu da ta kai can. Maganganu suka yi yawa a gari. Wasu suna cewa ƴan matan jami'a ba sa salla. Wasu suna cewa za ta tsufa a gidan ubanta. Ga kuma wani mai shago ya aiko neman aurenta har sau biyu. Sai Baba, wato surukina, ya ce zai je ya gani da idonsa. In abin da ake faɗa gaskiya ne, da ita zai dawo. Ya ce in raka su, tun da ni na yi makarantar yaƙi da jahilci.

Ranar Asabar da sassafe muka shiga mota a Matamaye, mu huɗu: Baba, da Inna, da maiɗakina, da ni. Muka bi ta Kance, muka karya kwana a Takeita, muka miƙa gabas. Kun san kunyar suruki. Yaron mota ya haɗa ni kujera ɗaya da Baba, gwiwa da gwiwa. Gyaɗa tana aljihuna, amma har muka sauka ban iya tauna ko ƙwaya ɗaya ba.

A da, wanda zai yi jami'ar gwamnati a ƙasarmu sai ya tafi Yamai. A shekara ta 2010 aka kafa ta Damagaram, tare da ta Maraɗi da ta Tawa. Yanzu ana kiranta da sunan André Salifou, ɗan garin, wanda ya rubuta tarihin sarautar Damagaram da wasan kwaikwayo a kan Sarki Tanimun. Ya rasu a 2022.

Auta ta tarye mu da hijabinta, ta durƙusa ta gai da iyayenta. Inna da maiɗakina suka bi ta wajen kwanan mata da ƙullin ƙuli-ƙuli da rake. Mu maza muka tsaya waje. Baba bai ce komai ba, sai kallo. Ko da yake ranar hutu ce, ga samari nan gungu-gungu a inuwa, kowa da takarda. Da azahar ta yi, muka bi sahu tare da su.

Bayan salla Auta ta kai mu wani bango inda aka manna sakamakon jarrabawa. Da Faransanci aka rubuta, ni kuwa Hausa na koya. Amma baƙaƙen ɗaya ne, suna kuma suna ne. Na sa yatsa ina bi layi-layi, har na iske sunanta da na Baba a jere. Maki 20 ne cikakke, wanda ya sami 10 ya haye. Ita tana da 13. Na karanta wa Baba. Ya ce, "Sake karantawa." Na sake.

Muka zauna gindin wani icce. Baba ya ce, "To Auta, wai me ake koya muku har shekara uku?"

Ta ce, "Ilimin ƙasa, Baba. Ruwa, da itatuwa, da gonaki. Har ƙasarmu malaminmu ya koya mana."

Ta ce masana suna kiran yankinmu "M uku", wato Magariya, Matamaye da Mirya. Bayan yunwar 1984, manoman nan suka riƙa barin ƴaƴan gawo a gona, suna sassabe su, ba sa tumɓukewa. Hotunan da aka ɗauka daga sama sun nuna itatuwa sun ƙaru ƙwarai. Har daga wasu ƙasashe an zo gani.

Nan fa bakin Baba ya buɗe. Ya ce ai gawo da damina yake zubar da ganye, shi ya sa ba ya tare wa hatsi rana. Da rani kuwa dabbobi su sha inuwa, su ci ƴaƴansa, su bar taki. Ya faɗi yadda ake zaɓen tsiro mafi ƙarfi a bari, a yanke sauran. Auta ta ciro biro tana rubutawa. Abokan karatunta biyu suka matso, su ma suna tambaya. Ni dai ban taɓa jin Baba ya yi doguwar magana irin wannan ba, ko a wurin ɗaurin aure.

Muka kwana gidan wani ɗan'uwansu a unguwar Zango. Ranar Lahadi da hantsi Auta ta rako mu tasha. Baba ya ciro jaka biyar ya ba ta. Ya ce in ta zo hutu ta taho da hoton nan na sama, yana son ganin gonarsa.

A mota Inna ta tambaye shi abin da za a gaya wa mai shago. Baba ya ce, "A ce masa saura shekara biyu. In zai jira, ya jira."