Badagishiri: shawarar gona a bakin rami

Matafiyin da ya baro Birnin Ƙonni ya nufi Tawa, dole ya ratsa Badagishiri, cikin ƙasar Illela. Nan Adar ce sosai: tuddai, duwatsu, da fako mai tauri wanda ruwan sama ke dukansa ya gudu ba tare da ya jiƙa shi ba. Bayan farin 1973 da na 1984, gonaki da yawa sun koma fako, masu su suka bar su suka tafi cin rani.

Amma wanda ya sauka daga mota gab da damana zai tarar da ƙananan ramuka jere bisa fakon nan, kowane da ɗan tudun ƙasa a gefensa na gangare. Su ake kira tassa.

Ba daga biro suka fito ba. A 1989, furojen FIDA na Illela ya ɗauki manoma 13 ya kai su Yatenga ta Burkina Faso, suka ga da idonsu yadda takwarorinsu ke raya matacciyar ƙasa da fartanya da taki. Da suka dawo, ƴan kaɗan ne suka gwada. Sai damanar 1990 ta zo da ƙarancin ruwa: hatsi ya ƙone a gonakin maƙwabta, na cikin ramuka ya yi zangarniya. Wannan ya fi taro goma na hukuma tasiri.

Daga nan aikin malamin gona ya sauya. Maimakon ya tara mutane ƙarƙashin icce ya karanta masu takarda, sai ya bi manomi har gonarsa, ya durƙusa ya duba rami. Fāɗin ya kai taƙi ko ya ɗara? An tara ƙasar a gefen da zai tare ruwa, ko an watsar da ita? An zuba takin tun da rani, don gara ta shiga ta huda ƙasa, ta buɗe wa ruwa hanya? Kuma malamin kirki ya san inda zai ce a'a: a jigawa rami rushewa yake yi, a kwari kuwa ruwa ya kwanta ya kashe shuka. Mai ƙaramar gona ba ya da sararin yin kuskure. Damana guda ta ɓaci, rumbunsa ya bushe.

Aikin dai ba wasa ba ne, domin hekta guda kan ci wajen awa 300 na haƙa, cikin zafin bazara.

Ƴan kasuwa, kamar kullum, ba su makara ba. Fakon da a da ko kyauta ba mai so, cikin shekarun 1990 ya shiga ciniki: attajirai da ma'aikata suka riƙa saye, suna ɗaukar samari ƴan ƙodago su haƙa masu. Talakan da yunwa ta sa ya sayar da arha, yana gani gonarsa ta dā ta yi hatsi a hannun wani.