Tafiyar Keke A Kudancin Faransa: Daga Haƙaƙƙen Kogi Zuwa Tafkunan Gishiri

A wannan mako za mu ɗauki mai karatu zuwa kudancin ƙasar Faransa, zuwa wani yanki da ake kira Languedoc, wanda ya shimfiɗu a gefen Bahar Rum har kusa da duwatsun kan iyakar Sifen. Ƙasa ce ta rana da iska, ta inabi da gishiri. Mai mota yana iya ratsa ta cikin awa biyu ya ce ya gan ta, alhali kuwa kwalta kaɗai ya gani. Wanda yake son ya san ta sosai sai ya nemi keke, gama dokin ƙarfe ya fi ƙafa sauri, amma saurinsa bai kai na hana ido aikinsa ba.

Ba kowane keke ne zai iya wannan tafiya ba. Akwai wani iri da ake kira keken hawan dutse, wanda aka fara ƙerawa a Kalifoniya ta Amurka cikin shekarun 1970. Tayarsa faffaɗa ce mai kaushi, birkinsa mai ƙarfi, jikinsa kuwa an yi shi don jure gargada. Faransawa sun ɗauki wannan wasa da muhimmanci, har sun sa wa turbobinsa alama, watau wani zane mai kusurwa uku da ƙwallo biyu. Sun kuma raba turbobin da launi: kore ita ce mafi sauƙi, sa'an nan shuɗiya, sa'an nan ja, baƙa kuwa sai gwanaye.

Ƙashin bayan wannan tafiya wani haƙaƙƙen kogi ne mai suna Canal du Midi. Tsawonsa kilomita 240, daga birnin Toulouse zuwa tafkin Thau a bakin Bahar Rum. Wanda ya haƙa shi, Pierre-Paul Riquet, mutumin Béziers ne, aikinsa kuwa karɓar harajin gishiri. Tun kafin zamaninsa ake sha'awar a haɗa Tekun Atlantika da Bahar Rum ta cikin ƙasa, don jiragen fatake su huta da zagaye Sifen ta mashigin Jibralta. Abin da ya gagari kowa shi ne ruwan da zai riƙa ciyar da kogin a wurin da ya fi tudu, watau Naurouze, mai tsayin mita 189 bisa teku. Riquet ya tattaro ƙoramun wani dutse da ake kira Montagne Noire, ya gina madatsar ruwa a Saint-Ferréol, ya janyo ruwan har Naurouze, inda yake rabuwa biyu, wani ya yi gabas, wani yamma.

Sarki Luwis na 14 ya ba da izni a 1666. Aka tara ma'aikata maza da mata, har yawansu ya kai wajen 12,000, ba su da kome sai diga da shebur da kwando. Riquet ya zuba dukiyarsa a ciki, ya ci bashi mai nauyi, ya rasu a watan Oktoba na 1680, saura 'yan watanni a buɗe kogin a 1681. A gefen ruwan aka bar turba don dawakin da ke jan jirage da igiya. Dawakin sun tafi, fatake ma jirgin ƙasa ya ƙwace musu ciniki tun cikin ƙarni na 19, amma turbar tana nan, ita ce masu keke suka gada. A 1996 hukumar UNESCO ta sa kogin cikin jerin kayan tarihin duniya.

Zangonmu na farko ya tashi daga Carcassonne, tsohon birni mai ganuwa biyu, ya nufi gabas zuwa ƙauyen Le Somail, tafiyar kilomita 60 ko kusa. Dalilin fuskantar gabas kuwa iska ce. Akwai wata busasshiyar iska mai ƙarfi da ke tasowa daga arewa maso yamma, ana kiran ta tramontane, mutanen Narbonne kuma su ce cers. Wanda ya ba ta baya sai ta yi ta tura shi kamar an biya ta lada, wanda ya fuskance ta kuwa zai san feda tana da nauyi. Turbar ba tudu ba gangare, sai dai ba duka aka gyara ta ba. Wani wuri shimfiɗaɗɗiya ce, wani wuri ƙasa ce tsantsa da saiwoyin itatuwa, in an yi ruwa kuma taɓo ya kama taya. A nan ne faffaɗar taya ke nuna amfaninta.

Jim kaɗan mahayi zai iske ƙofofin ruwa, waɗanda akwai 63 a tsawon kogin. Kowace ɗaya kamar ɗaki ce na dutse mai siffar ƙwai, da ƙofa gaba da baya. Jirgi ya shiga a rufe, a sako ruwa ko a rage shi har ya daidaita da na gaba, sa'an nan a buɗe ya wuce. Da haka jirgi ke hawa tudu ya kuma sauka.

Amma akwai abin baƙin ciki da ido ba zai kauce masa ba. A da, itatuwa 42,000 na wani iri da ake kira filatan suka yi layi a gaɓa biyu, rassansu sun haɗe a sama kamar rumfa. A 2006 aka gano wata cuta a jikinsu, wadda ake kyautata zaton ta shigo Faransa cikin katakon akwatunan sojan Amurka lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Tana shiga ta inda itace ya ji rauni, ko da gogar igiyar jirgi ce, ruwa kuma ya kai ta gaba. Ba ta da magani, sai dai a sare itacen a ƙone shi nan take. Fiye da kashi biyu cikin uku na itatuwan sun riga sun tafi. Hukumar da ke kula da kogin tana dasa waɗansu iri dabam dabam a madadinsu, don kada cuta ɗaya ta sake share su gaba ɗaya. To, amma itace ba ya girma da umarni. Mahayi zai wuce wurare masu inuwa mai sanyi, sa'an nan ya faɗa cikin rana tsakanin 'yan dashe da ba su wuce kaurin hannu ba. Inuwarsu ta jikoki ce.

Kaɗan gaba da Le Somail kogin ya yi reshe zuwa kudu, nan zango na biyu ya fara. Reshen ya haɗu da wani kogin, Canal de la Robine, wanda ya ratsa tsakiyar Narbonne, ya bi ta ƙarƙashin wata gada da aka gina gidaje da kantuna a kanta. Romawa suka kafa Narbonne a shekara ta 118 kafin haihuwar Annabi Isa, har yau kuwa ana ganin guntun hanyarsu ta dutse, Via Domitia, a dandalin da ke gaban gidan hukumar gari. Musulmin Andalus ma sun riƙe birnin wajen shekara 40, daga 719 zuwa 759, suna kiransa Arbuna.

Daga Narbonne zuwa Port-la-Nouvelle, kilomita 20 da 'yan kai, nan ne ƙasa ke ƙarewa a hankali. Turbar ta zama siririn zare tsakanin ruwa biyu, tafkin Bages a dama, tafkin Ayrolle a hagu. Waɗannan tafkuna ruwan teku ne da rairayi ya tsare, ya gauraya da na koguna, ba su da zurfi. A cikinsu za ka ga garken wani tsuntsu mai dogon wuya da dogayen ƙafafu da ake kira filamingo, ya sunkuyar da kai yana tace ruwa, launinsa ja-ja saboda irin ƙananan halittun da yake ci. Ba inuwa a wannan hanya, ba rijiya, ba mai faci. Wanda bai ɗauko gorar ruwa da famfo da tub ba, shi ya jawo wa kansa.

Mai son hawa na gaske sai ya karkata gabas da Narbonne zuwa dutsen La Clape. Tsayinsa mita 214 ne kawai, amma farin dutse ne mai kaifi, turbobinsa cike da tsakuwa mai zamewa, ga hawa mai tsinka numfashi, ga gangare mai gwada birki. A zamanin Romawa tsibiri ne, laka da kogin Aude ke kwasowa ita ta haɗe shi da ƙasa. A gindinsa ƙauyen Gruissan yake, gidajensa sun kewaye wata tsohuwar hasumiya, kusa da shi kuma filayen da ake shanya ruwan teku a kwashi gishiri, waɗanda ruwansu kan rine ya yi ja da bazara. Sai dai a sani, in zafi ya tsananta iska ta taso, hukuma takan rufe dutsen saboda tsoron gobara. Ba wasa ba ne. A watan Agusta na 2025 wuta ta cinye wajen hekta 16,000 a tuddan Corbières, kudu maso yamma da Narbonne.

Zango na uku ya komar da mu babban kogin, inda muka rabu da shi, mu ci gaba gabas ta cikin gonakin inabi. Duk inda ido ya kai kuringa ce jere bisa jere, akasarin 'ya'yanta kuwa matse su ake yi a yi giya, abin da arzikin yankin ya daɗe yana dogara a kai. Dogara ga amfani ɗaya kuwa tana da haɗari. A ƙarshen ƙarni na 19 wani ƙwaro mai cin saiwa ya hallaka gonakin, sai da aka ɗaura kuringar gida a kan saiwar ta Amurka kafin aka farfaɗo. Da amfani ya yi yawa, jabu kuma ya cika kasuwa, farashi ya faɗi warwas. A 1907 wani manomi, Marcelin Albert, ya ɗaga murya daga Argeliers, ƙauyen da turbarmu ta bi ta gefensa, har dubban ɗaruruwan mutane suka yi gangami a Montpellier, soja kuma suka yi harbi a Narbonne aka rasa rayuka. Yau ma manoman suna cikin matsi, ga fari, ga raguwar masu saye, har waɗansu suna tumɓuke kuringarsu. Gonar da aka bari kuwa ciyawa da ƙaya ke cinye ta, alhali gonar da ake nomawa takan rage wa gobara gudu.

Kafin Béziers akwai tudun Ensérune, wanda ya cancanci a sha wahalar hawansa. Daga samansa za ka hangi fadamar Montady, mai faɗin hekta 400 ko fiye, an yanka ta kamar yadda ake yanka kankana. Tafki ne mai wari da cuta, mutanen ƙarni na 13 suka haƙa lambatu daga kowane gefe zuwa tsakiya, suka zurare ruwan ta ƙarƙashin tudun, har yau kuwa lambatun suna aiki. A cikin tudun nan kuma Riquet ya huda ramin Malpas a 1679 don kogin ya wuce, daga baya masu jirgin ƙasa suka huda nasu. Ramuka uku ke nan cikin tudu ɗaya, na zamani uku.

A bakin Béziers sai Fonseranes, inda ɗakunan ruwa takwas suka jeru kamar matakala, a da suna saukar da jirgi mita 21 da rabi cikin tazarar mita 300. Gaba kaɗan kogin da kansa ya hau gada ya ƙetare kogin Orb, aikin da aka gama a 1858. Daga nan sai Agde, mai ƙofar ruwa zagayayya, sai Marseillan, inda ruwan da ya taso tun daga Montagne Noire ya shiga tafkin Thau.

Thau shi ne babban tafkin yankin, tsawonsa ya kusa kilomita 20. A kansa za ka ga dubban turaku a jere, an rataya igiyoyi da ake kiwon kawa a jikinsu, watau wani abin ruwa mai ɓawo biyu kamar makankari, wanda ƙauyen Bouzigues ya yi suna da shi. Shi ma tafkin yana da ciwonsa. In zafi ya yi yawa iska ta kwanta, ruwan kan rasa numfashi, kawa ta mutu, kamar yadda ya faru a 2006 da 2018. Daga Marseillan hanyar keke ta bi kan rairayin da ya raba tafkin da teku, kilomita 12 ko kusa, har Sète, tashar jiragen ruwa da aka kafa a 1666 don ta zama ƙofar kogin zuwa Bahar Rum. Nan tafiya ta ƙare.

Wanda ya yi niyya, watannin Afrilu zuwa Yuni da Satumba zuwa Oktoba sun fi dacewa. Ya sa hular kwano, ya buga ƙararrawa in ya iske masu tafiya a ƙasa, kada ya kutsa cikin gonar mutane, kada kuma ya kunna wuta ko ya ji wa itace rauni.

Abin da mahayi zai komo da shi gida ya wuce gajiyar cinya. Baƙo yakan ɗauka haka ƙasar nan ta tashi da kyanta, ashe kusan duk abin da ya burge shi gumin mutane ne: kogin haƙa shi aka yi, inuwar dasa ta aka yi, fadamar zurare ta aka yi. Abin da hannu ya gina kuwa, ran da hannu ya sake shi, ran nan ya fara lalacewa. Masu dasa 'yan itatuwan nan a gaɓar Canal du Midi sun san ba su ne za su sha inuwarsu ba, kamar yadda Riquet bai ga ranar da aka buɗe koginsa ba, amma ba su fasa ba. Sai mun haɗu a mako mai zuwa.