Tukunya Ɗaya Ce: Wane Tattasai Za Mu Shuka a Gida?

An kai gero rumbu, sanyi ya fara leƙowa, masu lambu a bakin Gulbin Maraɗi suna ta gyaran fangali. A nan Ɗan Issa ma warhaka ne ake tanadin ɗan wuri a bayan ɗaki ko kusa da rijiya don kayan miya. Abin da na lura da shi shi ne, in aka zo zancen iri, kusan kowa mai zafi yake nema. Sai ka ji ana yabon tugande: “Wannan ƙwaya ɗaya ta isa tukunya.” Na san lissafin, kuɗin cefane ba ya isa, abin da kaɗan ɗinsa zai ɗauke miya shi ne mai sauƙi. Amma akwai masu cin miyar nan da ba a taɓa tambayarsu ba, kuma saboda su nake wannan rubutu.

Ku kalli yaro ɗan shekara uku yana cin tuwo. Zai gutsuro loma, ya dangwali miya, ya goge ta a gefen kwano kafin ya kai baki. Loma biyu sai ya nemi moɗa, loma biyu ya sake nema. Kafin a kai rabi cikinsa ya cika da ruwa, ya tashi, uwa ta ce ba ya son abinci. Ku kalli Inna tsohuwa da ke cewa “ku bar mini gayan, ba na jin yunwa sosai.” Kunya ce ta hana ta cewa miyar surukarta ta fi ƙarfinta. Ga mai gyambon ciki. Likitoci sun nuna ba barkono ke kawo gyambon ba, yawanci wata ƙwayar cuta ce ko yawan shan maganin ciwon jiki, amma wanda ke ɗauke da shi ya san daren da yake kwana in miya ta yi yaji. A gidaje da yawa harshen maigida ne ma'aunin tukunya, alhali shi kaɗai ne zai iya barbaɗa yaji a kwanonsa ya samu abin da yake so. Sauran ba su da hanyar cire abin da ya riga ya narke.

Ba ina cewa a bar yaji ba. Ni ma ina sonsa, kuma tsire ba yaji ai ba tsire ba ne. Sai dai mu tuna dangin barkono duka daga nahiyar Amurka suka fito, ƴan Fotugal suka yaɗa su bayan 1492. Kafin nan kakanninmu da masoro da kimba da citta suke ɗaga miya.

To, me za a shuka? Bambancin da ke tsakaninsu ba kaɗan ba ne. Akwai ma'aunin zafi da wani Ba'amurke mai harhaɗa magunguna, Wilbur Scoville, ya ƙirƙiro a 1912. A kansa, ƙaton koren tattasai mai kusurwa huɗu yana kan sifili, dangin attarugu kuwa suna tsakanin 100,000 da 350,000. Shi koren nan, irinsu Yolo Wonder da California Wonder da ake sayarwa a ƴan fakiti a shagunan iri, ƙaramin yaro ma zai iya tauna shi, kuma in aka bar shi a jikin uwarsa yakan nuna ya yi ja ya yi zaƙi. Amma a ganina wanda ya fi dacewa da tukunyarmu shi ne dogon jan tattasai namu na gargajiya, ɗan'uwan wanda ya yi wa Difa suna a bakin Komadugu Yobe. Yana ba miya launi da kauri da ƙamshi, zafinsa kaɗan ne, yana shanyuwa a ajiye shi har damina. Shambo yana yaudara da tsawonsa, yana da cizo. Shi da attarugu, tushe ɗaya ko biyu sun ishi gida.

Inda aka fi yin asara shi ne wajen iri, kuma nan nake so a tsaya a saurare ni. Mutum zai sayi busasshen tattasai a kasuwa, namu ko na Jibiya, ya ji ba ya da zafi, ya ɓare ya zuba ƴaƴan a ƙasa. Wata huɗu yana ɗawainiyar ban ruwa, ranar da aka tsinka aka jajjaga sai yara suka kama kuka. Ba mai sayarwa ne ya cuce shi ba. A lambun da tattasan ya fito wataƙila akwai shambo a fangali na kusa, zuma ta ɗauko garin furen wannan ta kai wa wancan. Ɗan da ya fito a shekarar bai canza ɗanɗano ba, amma ƙwayar da ke cikinsa ta riga ta ɗauki gado, kuma a gadon barkono zafi ne ke rinjaye. Shi ya sa in kana son ajiye irinka, ka nisanta mai zafi da marar zafi iyakar yadda filinka ya ba ka dama, ko ka lulluɓe tushe ɗaya mai lafiya da tsohon gidan sauro tun kafin fure ya buɗe. Tattasai yana iya barbarar kansa, ba ya jiran zuma. Ka riƙa ɗan girgiza reshen da safe. Fakitin da aka rubuta wa F1 kuwa yakan yi kyau a shukar farko, amma ƴaƴansa ba sa bin uwa, kada a ajiye su.

Ko irin ya yi daidai, riƙo ma yana da nasa. Tattasan da ake bari ya sha ƙishi har ganye ya langaɓe kafin a ba shi ruwa yakan fi zafi. Ƙasarmu ta tudu rairayi ce, ba ta riƙe laima kamar ta fadamar Madarunfa ko ta Jiratawa, don haka a cakuɗa ta da ruɓaɓɓen taki sosai, a rufe gindin da ɓawon gyaɗa ko ƙaiƙayi, a ba da ruwa kaɗan-kaɗan kullum. A yi reno daga Oktoba zuwa Nuwamba. Bayan kamar kwana arba'in, in ya yi ganye biyar ko shida, a dasa shi da yamma, tazarar kamu biyu tsakanin tushe da tushe. Wanda ya makara har furensa ya haɗu da zafin Afrilu, lokacin da Maraɗi ke haura digiri 40, zai ga fure yana zuba ba ɗa. Wanda ba shi da fili, tsohon bokiti ko buhun da aka huda ƙasansa ya wadatar. A kewaye da ƙaya saboda awaki da kaji. In ganye ya fara nannaɗewa a duba bayansa, a fesa ruwan dakakkun ƴaƴan dogon yaro da ɗan sabulu. Tushen da ya tsumbure ganyensa ya yi dabbare-dabbare, a tuge shi kafin ya shafa wa sauran.

Ga uwayenmu da ƴan'uwanmu mata masu girki: yawancin zafin ba a ƙwaya yake ba, yana cikin farar jijiyar nan da ƙwayoyin ke manne a jikinta. In aka tsaga attarugu aka kankare ta da cokali, ƙamshin zai zauna, zafin ya ragu ƙwarai. Ko a jefa shi ɗungurungum ba tare da ya fashe ba, a tsame kafin a sauke. In yaro ya riga ya ciza, a ba shi nono, ruwa ba ya wanke wannan zafin.

Tushe goma na tattasai, biyu na mai zafi can nesa a wata kusurwa, sun ishi gida matsakaici. Na mai zafin a shanya, a daka da ƙuli-ƙuli da citta, a zuba a kwalba a ajiye kusa da tabarmar maigida. In tattasai ya nuna, a ɗanɗana na kowane tushe ɗanye, ta wajen jijiyar. Wanda ya fi daɗi a ɗaura masa tsumma, a shanya ƙwayarsa a inuwa, a nannaɗe ta a takarda, a rubuta shekara a kai.