A Kotun Gundumar Bronx: Neman Takardar Saki A Birnin Niyok

Wannan karon labarinmu na wata tafiya ce da muka yi zuwa birnin Niyok na ƙasar Amurka, inda muka kwashe kwanaki muna neman takarda guda wadda auren ƙanwarmu ya rataya a kanta.

Ƙanwar tamu ta yi zaman aure a Niyok shekaru da dama. Zama ya ƙi daɗi, mijin ya furta saki gaban shaidu, ta yi idda, ta komo gida Maraɗi. A wajen malamai da dangi magana ta ƙare. Bayan wasu shekaru Allah Ya kawo mata wani manemi, mazaunin Beljiyam. Da aka zo haɗa takardun da za su ba ta damar bin shi can, sai aka nemi shaidar cewa auren farko ya mutu a hukumance, domin an yi rajistarsa a ofishin aure na birnin Niyok. Abin da ta iya tunawa shi ne, ana gab da tasowarta an kawo mata wata takarda da Turanci ta sa hannu, ba tare da an karanta mata ba. Ko mijin ya kai maganar ƙarshe a kotu, ko ya watsar, ita ba ta da labari. In har ya watsar, to a idon dokar Amurka har yanzu matarsa ce. Da wannan nauyi a zuciya muka sauka.

Abu na farko da mai masaukinmu ya fahimtar da mu, direban tasi ne da ya daɗe a birnin, shi ne Amurka ba ta da wata ma'ajiya guda ta ƙasa da ake tara takardun saki. Aure da saki sha'anin jihohi ne, kundin shari'a kuwa yana zama a gundumar da aka yanke hukunci. Gundumomin ƙasar sun haura 3,000, jihar Niyok kaɗai tana da 62. Shi kansa birnin kashi biyar ne, kowane kashi gunduma ce mai kotunta da magatakardanta. Wanda bai san gundumar ba, zai yi ta lalube cikin duhu. Mu dai mun san ma'auratan a Bronx suka zauna, don haka can muka nufa.

Bronx na arewacin birnin. Ta samo sunanta daga Jonas Bronck, wani Bature da ya kafa gona a wurin a 1639, kuma sai a 1914 ta zama gunduma mai cin gashin kanta. Ƴan Afirka ta Yamma suna da yawa a cikinta. Mun ji Hausar Gana a shagon sayar da katin waya, mun yi sallar azahar a wani masallaci da asalinsa kanti ne. Jirgin ƙasa mai lamba 4 ya sauke mu a tashar titi na 161, jikin babban filin wasa na Yankee. Daga nan aka hau ɗan tudu zuwa Grand Concourse, wani faffaɗan titi da aka buɗe a 1909. Injiniyan da ya tsara shi, Louis Risse, daga Faransa ya fito, kuma da Champs-Élysées na Faris ya yi koyi. A bakin wannan titi kotun take, gini mai hawa tara na farin dutse, mai manyan ginshiƙai da matakala, wanda aka gama a 1934. Yanzu yana ɗauke da sunan Mario Merola, tsohon babban mai gabatar da ƙara na gundumar.

Sai dai ba nan muka fara shiga ba. Da muka ji akwai kotun iyali a wani titi kusa, muka ɗauka can ne gidan saki, muka bi layi har muka kai gaban teburi. Cikin ladabi aka gaya mana mun yi ɓatan kai. A jihar Niyok kotun iyali tana duba riƙon yara da ciyar da su, amma ba ta raba aure. Mai raba aure ita ce wadda suke kira kotun ƙoli, sunan da ke ruɗin baƙo, domin a wannan jiha kotun farko ce da ke zama a kowace gunduma. Ta ƙarshe, wadda ba a ɗaukaka ƙara gaba da ita a jihar, tana Albany, babban birnin jiha.

Kashegari muka hau matakalar farin ginin. A ƙofa aka sa mu zube waya da makullai a faranti, muka ratsa na'urar bincike, aka nuna mana ofishin magatakardan gunduma. Tambayar farko da ma'aikaciyar ta yi mana ita ce: mene ne matsayinmu a shari'ar? Muka ce mu yayyen matar ne. Ta ce wannan bai isa ba. Sashe na 235 na dokar zaman iyali ta jihar ya rufe kundin shari'ar aure har shekara 100. Ba mai ganinsa sai miji, ko matar, ko lauyansu, ko wanda alƙali ya ba izini, ko wanda ɗayansu ya wakilta a rubuce gaban jami'i mai shaidar sa hannu. Bare iyakarsa ƴar takardar da ke nuna yadda shari'a ta ƙare. Da fari abin ya yi mana nauyi, ga kuɗin jirgi, ga kwanaki na tafiya. Amma da muka zauna a lambun da ke fuskantar kotun muka yi nazari, sai muka ga hikimar. A cikin irin wannan kundi akwai asirin ɗaki, da lissafin dukiya, da sunayen yara. Wane ne zai so maƙwabci ya biya ƴan daloli ya karanta nasa?

Dole ƙanwarmu ta yi tattaki daga Maraɗi zuwa Yamai, ta sa hannu kan takardar wakilci a hukumance, aka aiko mana da ita tare da hoton fasfonta. Muka koma. Nan kuma wata matsala ta taso, wadda tamu ce ta gida. Kowace shari'a tana da lamba, haɗe da shekarar da aka shigar da ita. Mai lambar nan take za a ciro masa kundi. Mu ba mu da ita, sai aka bi ta sunaye. To, sunan da mu muke rubutawa Mahamadou da rubutun Faransanci, wani Mohamed yake sa wa, wani Muhammad. Ga kuma sunan uba da na yanka da kan sauya wuri tsakanin takardar haihuwa da fasfo. Na'ura ba ta san dangi ba, harafi take bi. Sau uku ana nema ba a samu ba. Da muka rubuta sunan kowace siga da muka sani a bayan ambulan, muka faɗi shekarun da muke zato, sai ga shi ya fito a siga ta huɗu.

Hukuncin yana nan, alƙali ya sa hannu, an shigar da shi a littafin magatakarda. Ashe takardar da ta sa wa hannu ita ce amincewar wadda ake ƙara, cewa ba ta ja da sakin. Dalilin da aka rubuta shi ne zama ya lalace ba gyara na aƙalla wata shida, hanyar da jihar ta buɗe a 2010, bayan duk sauran jihohi sun riga ta yarda da saki ba tare da ɗora wa wani laifi ba. Muka yi hamdala, muka biya, aka ba mu kofi mai hatimin kotu.

Ya kamata mai nema ya san takardun iri biyu ne. Akwai cikakken hukunci, wanda ke fayyace riƙon yara da ciyarwa da rabon kaya, shi ne na magatakardan gunduma. Akwai kuma gajeriyar shaidar rabuwa da ma'aikatar lafiya ta jiha ke ajiyewa, ga sakin da aka yi daga 1 ga Janairun 1963 zuwa yau. A tambayi hukumar da ke buƙata wacce take so kafin a kashe kuɗi. Da yake tamu Beljiyam za ta, sai da muka kai ta ma'aikatar sakataren jiha aka liƙa mata shaidar afostiy, bisa yarjejeniyar Hague ta 1961 wadda Amurka da Beljiyam duk suna ciki. Bayan haka aka ba mai fassara rantsattse ya mayar da ita Faransanci.

Ranar da za mu bar Bronx mun tsaya a saman matakalar muna kallon masu shiga da fita, kowa rungume da ambulan. Muka tuna cewa Suratuɗ Ɗalaƙ ta yi umurni da a kafa shaidu wajen rabuwa, kuma aya mafi tsawo a Alƙur'ani kan rubuta bashi take. Ashe rubuta haƙƙi ba baƙon abu ba ne gare mu, sakaci ne ke shiga tsakani.

Don haka muna kira ga iyaye da ke da ƴaƴa mata a ƙetare. In rabuwa ta zo, kada yarinya ta sa hannu kan abin da ba a fassara mata ba. Kada ta taso sai ta rubuta sunan gunduma da lambar shari'a, da yadda aka rubuta sunayensu harafi da harafi. In hukunci ya fito, ta karɓi kofi mai hatimi fiye da ɗaya, a ajiye guda a gida wajen uwa. Maza kuma su ji tsoron Allah, wanda ya saki da baki ya ƙarasa da takarda, kada ya bar ƴar mutane a rataye.

An ɗaura auren ƙanwarmu bayan sallar layya. Allah Ya ba su zaman lafiya, Ya kiyaye mana gidajenmu.