Ɗan Aike Zuwa Rumbunan GitHub

Da yawa daga cikinmu 'yan sashen ilmin kwamfuta sun riga sun saba da GitHub, amma ta ƙofa guda kaɗai su ke shigarsa, watau su buɗe shafinsa a waya ko a kwamfuta, su yi ta danne-danne har su iske abin da su ke nema. Abin da ya sa na roƙi Edita ya ba ni fili a wannan fitowa shi ne in ba 'yan'uwana labarin wata hanya ta biyu, wadda na yi aiki da ita a zangon karatun da ya wuce. Ina ganin duk wanda zai zama malami a gari irin namu ya kamata ya san ta, ya kuma san inda ƙarfinta ya tsaya.

Saboda 'yan'uwa na sashen noma da na kasuwanci da sauransu, bari in fara da bayanin wurin. A 2005 wani mutumin ƙasar Finlan, Linus Torvalds, ya ƙago wata manhaja mai suna Git, domin masu rubuta manhaja su riƙa adana aikinsu mataki mataki, kowane gyara da sunan wanda ya yi shi da lokacin da ya yi. A 2008 aka buɗe GitHub, watau wurin da mutum zai kai wannan ajiya tasa a intanet. Kamfanin Microsoft ya saye shi a 2018 a kan dala biliyan 7.5, kuma a farkon 2023 suka ba da sanarwa masu aiki da shi sun kai miliyan 100. Ni dai rumbu na ke kiran ma'ajiyar aikin kowane mutum a can, kowane gyara kuma da aka ɗaure aka adana ina kiransa dami. Mutum ya kan ɗaure damunansa a kan kwamfutarsa ko da babu intanet, sa'an nan in ya sami hanya ya tura su rumbu. A riƙe wannan bambanci na ɗauri da turawa, gama a kansa maganata za ta dawo.

To, mu 42 ne a ajinmu. Malaminmu ya ba mu aiki, ya ce kowa ya buɗe rumbu a GitHub, ya bar shi a buɗe, ya tura aikinsa kafin ƙarfe 12 na daren Jumma'a. Da ya ke ni ne wakilin aji, sai ya ce in kawo masa jerin waɗanda suka tura a kan lokaci da waɗanda suka makara. In da ta ƙofar gaba zan bi, sai in buɗe shafi 42 ɗaya bayan ɗaya, kowanne da adonsa da hotunansa, in jira ya gama buɗewa, in duba, in kwafe da hannu. Kowa a nan Potiskum ya san yadda data ta ke ƙarewa kamar ana shan ta da ludayi, da yadda waya ta kan yi gardama da zarar hadari ya taso.

A makarantar mishan da na yi akwai ɗakin ajiyar littattafai da alli mai wata 'yar taga a gefe. Ɗalibi ba ya shiga ciki. Sai dai ya rubuta abin da aka aiko shi a 'yar takarda, ya miƙa ta taga, ma'aji ya miƙo masa abin da ya rubuta daidai, ba daɗi ba ragi. GitHub ma yana da irin wannan taga, Turawa suna kiranta API. Ba don idon mutum aka yi ta ba, an yi ta domin wata manhaja ta tambayi wata. Sai ka rubuta 'yar ƙaramar manhaja, ni da harshen Python na rubuta tawa, ta zama ɗan aikenka, ta je taga ta miƙa takarda ta karɓo amsa.

Takardar kuwa adireshi ce kurum. Ka rubuta api.github.com, ka bi shi da kalmar repos, sa'an nan sunan mai rumbu, sa'an nan sunan rumbun. Babu gaisuwa, babu tambayar gajiya ko iyali, abin da ya fara yi mini bambaraƙwai. Amsa ta kan zo cikin wani tsari da a ke kira JSON, rubutu zalla, kowane abu da sunansa a gefensa: wane ne mai rumbun, yaushe aka buɗe shi, yaushe aka yi turawa ta ƙarshe. Duka amsar ba ta kai nauyin hoto guda ba. Tare da ita akwai lamba da ke faɗin yadda aike ya kasance. In ka ga 200, an samu. In 401 ce, ba a yarda da shaidarka ba. In 404 ce, an ce babu wannan abu.

Wannan 404 tana da wani hali da ya kamata a lura da shi. 'Yan ajinmu uku sun kulle rumbunansu, ɗan aikena ya je, aka ce masa 404, kamar ba su taɓa buɗe rumbu ba sam. Da gangan GitHub ya ke yin haka, domin kada baƙo ya gane ma akwai wani abu a kulle a wurin. Saboda haka wanda ya ga 404 kada ya yi gaggawar rubuta wa ɗalibi sifiri. Ni na bi su ukun nan na tambaye su, suka buɗe, aikinsu yana ciki.

Ma'ajin tagan nan ba ya son a dame shi. Wanda ya zo ba da shaida ba, tambaya 60 kaɗai a ke amsa masa cikin awa guda. Ni kuwa tambaya biyu aƙalla na ke bukata a kan kowane rumbu, ka ga 84 ke nan. Daɗin daɗawa, da adireshin intanet a ke ƙirga wa marasa shaida, don haka in duk kwamfutocin ɗaki ta layi ɗaya su ke fita, to 60 ɗin nan ta dukanku ce, sai ka tarar wani ya cinye kafin ka fara. Maganin abin shi ne mabuɗi, wanda masu sana'ar su ke kira tokin. Mai mabuɗi ana amsa masa har tambaya 5,000 a awa. A da mutum ya kan miƙa kalmar sirrinsa ta taga, amma tun watan Nuwamba na 2020 aka hana haka. Yanzu sai ka shiga shafinka ka yanka mabuɗi, ka faɗi ƙofofin da zai buɗe da ranar da zai daina aiki. Sau ɗaya tak a ke nuna maka shi. Nawa na karatu ne kaɗai, ba ya iya rubutu ko gogewa, kuma kwana bakwai na ba shi.

A nan ina jan kunnen 'yan'uwa. Kada mutum ya rubuta mabuɗinsa a cikin manhajar, ya kuma tura manhajar rumbun da ke buɗe, gama ya zama kamar wanda ya kulle shago ya rataye makulli a jikin ƙyaure. Gaskiya ne in GitHub ya hangi mabuɗinsa a rumbu buɗaɗɗe ya kan kashe shi da kansa, amma akwai masu yawo suna neman irin wannan sakaci dare da rana. A ajiye shi a wani wuri dabam a kwamfuta, manhajar ta ɗauko shi sa'ad da za ta fita aike.

Wani ƙaramin abu kuma: in ka nemi jerin damuna, 30 a ke ba ka a shafi guda, sababbi a gaba. Kana iya roƙo a ƙara har 100, abin da ya wuce nan sai ka nemi shafi na biyu.

Yanzu ga inda aikin ya yi nauyi, watau maganar lokaci. Kowane dami yana ɗauke da lokacin da aka ɗaure shi, amma daga agogon kwamfutar mai shi aka ɗauko wannan lokaci. In agogon ya yi baya da kwana biyu, haka damin zai nuna. In kuwa mutum ya mai da shi baya da hannunsa, GitHub ba ya musu, abin da aka ba shi ya ke adanawa. Lokacin turawa shi ne GitHub ya ke rubutawa da agogonsa, ba mai iya taɓa shi. Sai dai wanda ke zuwa cikin amsar farko na turawa ta ƙarshe ne kaɗai. Ɗalibin da ya tura aikinsa tun ran Alhamis, ya koma ran Asabar ya gyara harafi guda, sai ya fito kamar ya makara. Don haka sai an yi wata tambaya dabam wadda ke kawo jerin duk turawar da aka yi cikin rumbun. Bayan wannan duka, agogon da GitHub ya ke faɗi da shi daidai ya ke da agogon GMT da mu ke ji a rediyo, ya kan sa harafin Z a ƙarshe don alama. Namu na Nijeriya yana gaba da shi da awa ɗaya. Duk lokacin da ya zo sai ka ƙara masa awa guda tukuna.

Ran Asabar da safe na saki ɗan aikena, kafin shayina ya huce ya dawo da jeri. Mutum 38 sun tura a kan lokaci, huɗu sun makara. Uku daga cikinsu sai da gari ya waye suka tura, babu abin gardama. Ta huɗun wata 'yar'uwa ce da ke zaune cikin gari, wadda kowa ya shaida ƙwazonta. Turawarta ta nuna 23:20 da Z a ƙarshe. Wanda bai san zancen awa ɗaya ba zai ce ta riga 12 da minti arba'in, alhali a agogonmu 12 ta wuce da minti ashirin. Daminta na ƙarshe kuwa ya nuna ta ɗaure shi ƙarfe 11 da minti goma a agogonmu.

Na daɗe ina kallon wannan layi. In na kwafe 23:20 yadda ya zo, ba wanda zai tambaye ni, kuma zan iya cewa ban canza ko lamba ɗaya ba. Amma Malam ba lamba ya aike ni in kawo ba, ya aike ni in gaya masa wanda ya makara. Agogon da ke goyon bayanta shi ne wanda ba a iya dogara da shi, wanda a ke dogara da shi kuwa ya ce ta makara. Abin da na yi shi ne na mai da duk lokutan zuwa agogon Nijeriya, na yi wa kowa layi biyu, na ɗauri da na turawa, sa'an nan kafin in kai wa Malam na nemi 'yar'uwar na nuna mata. Ba ta ji daɗi ba, ban kuwa ga laifinta ba. Ta ce tun 11 ta gama, wayarta ta ƙi kama intanet, sai da ta tashi ƙanenta daga barci ta ari tasa.

Da na miƙa takardar na ce, "Ranka ya daɗe, layin farko agogon ɗalibi ne, na biyu na GitHub ne. Na biyun ne ba a iya taɓawa."

Ya duba, ya ce, "To, wannan mai minti ashirin fa, kai me ka gani?"

Na ce, "Malam, makara dai ta makara. Amma damunanta goma sha ɗaya ne, ta yi ta tura su tun ran Litinin, na ƙarshen ne kaɗai ya tsallake."

Bai ce mini kome ba. Ran Litinin ya kira su huɗun, ya sa kowa ya zauna gaban kwamfuta ya bayyana aikinsa layi layi. Ita ya karɓi nata cikakke, sauran ya rage musu maki. Bai tsaya nan ba, ya kira waɗansu biyu daga cikin 38 ɗin nan da jerina ya wanke, gama shi ya karanta aikin kansa, ya ga nasu iri ɗaya ne har da kuskuren rubutu a wuri guda. Ɗan aikena ba shi da labarin wannan, domin ban aike shi ya karanta ba, kuma ko na aike shi ba zai san hannun da ya buga haruffan ba.

Shi ya sa ban yarda da shawarar da wani abokina ya kawo ba, cewa in mun zama malamai mu riƙa ba da maki bisa yawan damuna, tun da ƙirga su ta taga ba wuya. Yaro mai wayo zai raba gyaran minti biyar ya yi dami ashirin, wanda kuma ya ke aron kwamfutar maƙwabci sau ɗaya a mako zai kawo aikinsa duka a dami guda. A ajujuwan da za a tura mu, daga nan cikin gari har Fika da Nangere, na biyun nan sun fi yawa. Amfanin tagar a wurina shi ne ta ɗauke wa malami wahalar tattarawa da asarar data, ta bar masa yammacinsa domin ya zauna ya karanta abin da yara suka rubuta.

Akwai kuma makarantun da intanet ɗin ma babu. Ga masu zuwa irin waɗannan wurare aikin koyarwa na gwaji, a sani ba GitHub kaɗai ke da rumbu da taga ba. GitLab da Gitea suna da nasu, kuma su ana iya ɗora su a kan kwamfuta guda cikin ɗakin karatu, sauran kwamfutoci su riƙa tura mata aiki ta waya ko ta iska ba tare da an fita intanet ba. Adireshin tambayoyi ya ɗan bambanta, amma wanda ya iya aike zuwa ɗaya ba zai sha wuya da ɗayan ba. Sai dai a nan agogon wannan kwamfuta guda shi ne alƙali, don haka malami ya riƙa duba shi kowace safiya, musamman bayan an ɗauke wuta.

Ɗan aikena layi 46 ne duka duka, mabuɗinsa kuwa ya riga ya mutu tun cikar kwana bakwai ɗinsa. Duk mai son ganin yadda aka rubuta shi ya same ni a ɗakin kwamfuta ran Laraba bayan darasin ƙarshe, ya zo da nasa mabuɗin.