Daga Akara Zuwa Elmina a Kan Keke

Wanda bai taɓa taka keke a gaɓar tekun Gana ba zai ɗauka hanyar shimfiɗe take kamar faifai. Tsakanin Akara da Cape Coast wajen kilomita 145 ne, kuma da zarar an wuce Winneba sai ƙasa ta fara tashi tana sauka. Tuddan ba dogaye ba ne, amma ba sa ƙarewa. Wanda ke cikin mota bai san da su ba. Cinyar mai keke ce ke lissafa su ɗaya bayan ɗaya.

Ni da abokin tafiyata mun bar Akara bayan sallar asuba, a watan Disamba, lokacin da hazon hunturu ke rage kaifin rana. Daga birnin zuwa Kasoa ba hanyar keke ba ce ko kaɗan. Tireloli, motocin haya da suke kira trotro, masu talla a tsakiyar titi, kowa na neman inda zai kutsa. Mai keke a nan ba ya kallon komai sai madubin motar da ke gabansa. Sai bayan mahaɗar Winneba numfashi ya dawo, fili ya buɗe, ciyawa da gidajen gara suka maye gurbin shaguna.

Daga nan har Mankessim ƙasar Fanti ce, gonakin rogo da masara, sai abarbar yankin Ekumfi mai farin ciki da zaƙi, an jera ta a bakin hanya. Dabarar hawa irin waɗannan tuddai ita ce kada mutum ya yi gardama da su. A gangara a ƙara giya a tara gudu, a shiga hawan da wannan ƙarfin, a sassauta tun kafin ƙafa ta yi nauyi. Wanda ya jira sai ya gaji kafin ya canza giya, sarka ce za ta yi masa ƙara.

A Mankessim tayar baya ta yi faci. Mai gyaran da aka nuna mana dattijo ne ɗan zango, ya ji muna Hausa tun kafin mu yi sallama.

"Sannunku da hanya, Malam. Daga ina?"

"Daga Akara, Baba."

Ya matsa siririyar tayar da ɗan yatsa, ya girgiza kai. "A kan wannan? To, Allah ya kai ku lafiya. Amma kada la'asar ta same ku a titi, manyan motoci ba sa ganin mai keke."

Ya ce kakansa daga Arewa ya zo, shi kuwa a nan aka haife shi, Fanti da Hausa duk nasa ne. Irinsa suna da yawa a wannan gaɓa. Wasu zuriyar fataken goro ne, wasu jikokin sojojin Hausa da Turawan Ingila suka kawo a ƙarni na 19. Shi ya sa Bahaushe ba ya rasa masallaci a garuruwan nan, ba ya rasa koko da ƙosai da safe.

Bayan Mankessim ne teku ke fara leƙowa. A Saltpond, garin da aka kafa jam'iyyar UGCC a 1947, iska ta canza, ta yi nauyi da gishiri da hayaƙin bandar kifi. Daga nan zuwa Biriwa shi ne sashen da ya fi daɗin tuƙi a duk tafiyar. Mutum ya hau tudu yana haki, ba ya ganin komai sai kwalta, yana kaiwa ƙoli sai ga ruwa har iyakar gani, bishiyoyin kwakwa sun karkata, kwale-kwale masu fenti sun jeru a kan yashi. A wani bakin ruwa mun tarar da maza da yara sun kama igiya ɗaya suna jan koma, suna waƙa don ƙafa ta zo daidai.

Amma kusan kowane tudu mai kyan gani a nan yana ɗauke da ganuwar Turawa. A Abandze akwai Fort Amsterdam. A Anomabo akwai Fort William, wanda Ingilishi suka fara ginawa a 1753, kuma garin yana cikin wuraren da aka fi fitar da bayi a wannan gaɓa. A mota sukan wuce kafin a gama karanta allon sunansu. A keke kuwa mutum yana ganin kusancinsu, bai gama shanye gorar ruwa ba ya iso wata. Nan ya fara gane yawan mutanen da aka fitar har aka buƙaci kurkuku a jere haka.

A Yamoransa mata sun tara dokunun Fanti naɗe da ganyen ayaba. A nan kuma hanyar Kumasi ta rabu ta yi arewa. Mun fara shiga Cape Coast, babban birnin mulkin mallaka har zuwa 1877 da aka mayar da shi Akara. Turawan Suwidin ne suka aza harsashin ganuwarsa a 1653, Ingila ta karɓe a 1664. Mun sauka cikin ɗakunan ƙarƙashin ƙasa inda a da ake tsare bayi maza, duhu da zafi, ƴar taga can sama.

Washegari muka koma Yamoransa muka bi hanyar arewa zuwa Assin Manso, wajen kilomita 40 daga Cape Coast. Ba teku a nan, sai tuddai masu kore, gonakin koko da kwakwar manja, da ƙauyuka inda yara ke bin keke da gudu. A garin akwai rafin da ake kira Donkor Nsuo, inda aka yi wa waɗanda aka kamo wankan ƙarshe kafin a kai su gaɓa. Da yawansu daga arewa aka koro su, ta kasuwar Salaga, wadda kakanninmu ke zuwa sayen goro. Wannan bai kamata Bahaushe ya kawar da kai daga gare shi ba: kasuwar da goro ya fito, a cikinta aka yi cinikin mutane. Mu da muka iso a kan taya, cikinmu da abinci, mun jiƙe da gumi. Su a ƙafa suka yi ta, a ɗaure, bayan makonni a daji. A 1998 an dawo da ƙasusuwan mutum biyu, ɗaya daga Amurka ɗaya daga Jamaika, aka sake binne su a wurin.

Mun dawo Cape Coast, daga nan zuwa Elmina bai wuce kilomita 13 ba, kuma a nan hanyar ta kwanta, teku a hagu, kwakwa a jere. Ganuwar Elmina ta fi duka tsufa. Turawan Fotugal suka gina ta a 1482, na Holan suka ƙwace a 1637 bayan sun hau tudun Saint Jago sun yi mata ruwan igwa, Ingila ta karɓa a 1872. A cikinta aka tsare Sarkin Asante, Prempeh na Ɗaya, a 1896. Wannan tudu na Saint Jago shi ne hawa mafi tsanani da muka gamu da shi, sai da muka sauka muka tura.

Ranar Talata muka isa, ranar da masuntan gaɓar ba sa shiga teku. Kwale-kwale sun cika tafkin Benya har ba a ganin ruwa, maza na zaune suna ɗinkin koma. Mun sayi bandar kifi a bakin gada, sannan muka nufi tasha, inda yaron mota ya cire tayoyin gaba ya ɗaure kekunan a bayan trotro mai zuwa Akara, ya caje mu kuɗin kaya.