Zuwa Burmi a Sawun Kakan Mahaifina

Ƙarfe bakwai na safe motarmu ta tashi daga Kano, kuɗin kujera naira 15,000, kujerar kuma ta gaba ce da aka raba mu biyu. Kafin mu wuce Birnin Kudu ƙafata ta hagu ta mutu. Na so in yi mita, sai kunya ta kama ni, don wanda na fito bin sawunsa a ƙasa ya tako wannan nisa.

Kakan mahaifina ba mayaƙi ba ne, ɗan koren jakuna ne. A gidanmu ana cewa gemu bai fito masa ba sa'ad da Turawa suka ci Kano a watan Fabrairun 1903. Sakkwato ta biyo baya ranar 15 ga Maris, Sarkin Musulmi Attahiru ya ɗauki hanyar gabas da niyyar hijira zuwa Makka. Duk inda ya ratsa, talakawa sai su bar gona su bi shi, ga damina ta kusa. Kakan namu da wansa suka ɗaure wa jakuna mangala suka shiga ayari, har Burmi.

Daga Darazo zuwa Dukku ramuka suka cinye mana lokaci, sai bayan la'asar muka shiga Gombe. Na kwana. Washegari na biya naira 2,500 zuwa Bajoga, wajen kilomita 70, tirelolin simintin Ashaka suna ta watsa mana ƙura. A nan Fulatanci ya fara rinjayar kunnena. Ɗan acaɓan da na tare ma sai da ya gyara mini sunan Burmi: "Mbormi kake nufi, malam. Dubu biyu, zuwa da dawowa."

Na zaci zan ga kufai mai ganuwa. Gonaki na tarar, da kabarin Sarkin Musulmi, da na Manjo Marsh, Baturen da ya jagoranci harin da aka kai wa garin ya mutu a cikinsa. A watan Mayun 1903 mutanen garin sun kori rundunar Turawa ta farko. Ranar 27 ga Yuli Turawa suka dawo da manyan bindigogi, Attahiru ya faɗi da ɗaruruwan mabiyansa, aka cinna wa garin wuta.

Kakan namu ya tsira ne saboda a ranar yana can bakin kogin Gongola da dabbobi. Haka kakata ta ba mu labari, ba ta taɓa ƙara masa gishiri ba, shi ya sa na yarda da ita. Ya komo gida da jaki guda, ya yi noma, har ya ga zuwan jirgin ƙasa Kano a 1911, ya shiga dakon gyaɗa. Wan nasa kuwa ya bi ɗan Attahiru, Muhammadu Bello Mai Wurno, har Sudan, inda suka kafa gari a bakin Shuɗin Nilu. Ba su sake haɗuwa ba.

Ina cikin addu'a ɗan acaɓa ya danna hon. "Malam, hadari ya haɗo, hanyar nan kuma laka ce." Kafin mu kai kwalta ruwa ya yi mana jagab.